Otizim a wurin aiki: tambayoyin da 'yan Zangon Kumasi suke yi mini

Ni haifaffen Aboabo ne, kuma yau shekara tara ke nan ina riƙe da littafin shige da ficen kaya a wani babban sito a Kumasi. Sai da na haura talatin likita ya tabbatar mini ina da otizim. Kafin nan sunayena a unguwa da wurin aiki suna da yawa: miskili, mai girman kai, ɗan ƙa'ida, wanda ba ya shiga mutane. Tun da na fara faɗin abin a fili, da wuya a yi mako biyu wani bai tare ni bayan isha'i ba, ko wata ta turo saƙo ta WhatsApp, kusan kullum da "tambaya ce a kan wani ƙanena". Wani lokacin ƙanen ne da gaske. Na tara tambayoyin da suka fi dawowa. Ni ba likita ba ne, ba kuma lauya ba, ma'aikaci ne da ya zauna ya karanta doka saboda ta shafe shi.

Mene ne otizim ɗin? Shi ne galahanga?

Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farkon rayuwa, da shi ake girma, da shi ake tsufa. Ta hanya biyu ake gane shi. Ta farko mu'amala: wahalar karanta fuska, gane habaici, ko sanin lokacin da ya dace a sa baki a hira. Ta biyu son tsari ɗaya, nutsewa cikin abu guda, maimaita wani motsi, da jin ƙara ko haske ko wari fiye da yadda sauran mutane suke ji, ko ƙasa da haka. Likita Leo Kanner ne ya bayyana shi a Amurka a 1943 daga yara 11 da ya duba, Hans Asperger kuma ya rubuta nasa a Biyana a 1944. A 2013 littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya, shi ya sa ba a cika jin "Asperger" a bakin likitoci yanzu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi.

Gidajen rediyon Hausa suna cewa galahanga. Ba na amfani da kalmar, don tana kwashe yanayi iri-iri ta zuba a tukunya ɗaya, kuma mai sauraro yaron da bai iya riƙe wuyansa ba yake hangowa. Akwai masu otizim da ba sa magana, suna buƙatar mai kula da su har abada. Akwai kuma akawu da makaniki da malamar makaranta.

Ina aiki, ina da mata da 'ya'ya. Zai yiwu ina da shi? Ina ake dubawa?

Zai yiwu. Ba a gano shi da gwajin jini ko hoton kai. Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam na asibiti ne zai zauna da kai, ya tambayi yarintarka, ya lura da kai. A Kumasi ka nemi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee. A Akara akwai Korle Bu, da asibitin ƙwaƙwalwa na Akara, da Pantang. In mahaifiyarka ko yayarka tana kusa, ka tafi da ita, don ita ke tuna yaushe ka fara magana da yadda kake wasa. Katunan sakamakon firamare ma suna da amfani. A nawa, malamai uku daban-daban sun rubuta cewa ina da ƙoƙari amma ba na wasa da yara.

Aikina ba na ƙarfi ba ne, amma ina dawowa gida kamar an yi mini duka. Me ke faruwa da ni?

Aiki biyu kike yi ana biyan ki kuɗin ɗaya. Na farko wanda aka ɗauke ki dominsa. Na biyu shi ne kwaikwayon sauran mutane daga safe har yamma: tuna yin murmushi, tuna tambayar yaran Madam, dariya a kan raha da ba ki gane ba, danne hannun da ke son motsi, lissafin ko kin kalli idon mutum isasshe ko kin wuce gona da iri. Abin da wasu ke yi ba tare da tunani ba, ke da lissafi kike yin sa. Mata sun fi ƙwarewa a wannan ɓoyon, saboda tun suna ƙanana ake horar da su a kan ladabi da kunya, shi ya sa ake makara wajen gano su.

Sai ki ƙara da Kumasi kanta. Kafin ki isa ofis kin riga kin shiga tirotiro mai rediyo a ƙure, yaron mota yana ihun tasha, mai wa'azi ya miƙe a tsakiyar mota, pragiya, wato keke mai ƙafa uku, suna ta hon. In hanyarki ta bi ta kasuwar Kejetia, to lasifika goma ne kowacce da abin da take talla. Kunnen da ba ya tace ƙara duk yana kwasarsu daidai wa daida. Kin isa aiki da rabin ƙarfinki, ga janareta in an ɗauke wuta.

In aka daɗe a haka ba hutu, akwai wata gajiya da take kama mu wadda barcin dare ɗaya ba ya maganinta. Abin da mutum ya iya jiya sai ya gagare shi yau, magana ta yi nauyi, wanka ma ya zama aiki. Ni ta kama ni a shekarata ta shida a aiki, na yi kusan wata biyu ina zuwa sito kamar gawa. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 15 da cikakken albashi. Ki karɓi naki. In an yarda ki raba shi biyu ko uku, ya fi miki amfani a kan ki tara shi duka don Sallah, wadda ita kanta hidima ce ba hutu ba.

Akwai dokar da ta kare mu a Gana kuwa?

Akwai, kuma ta fi yadda mutane suke zato, ko da yake aiki da ita wani zance ne daban.

Sashe na 29 na Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya hana nuna wa masu naƙasa wariya ko wulaƙanci. Dokar Masu Naƙasa ta 2006, mai lamba 715, ta fassara naƙasa da abin da ya shafi jiki, ko ƙwaƙwalwa, ko gaɓoɓin ji da gani, muddin yana tauye wani babban ɓangare na rayuwar mutum. Ta hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda naƙasa. Sashenta na 11 ya ɗora masa samar da kayan aiki da yanayin da mai naƙasa ke buƙata don ya yi aikinsa yadda ya kamata, na 12 kuma ya hana a tura shi wurin da bai dace da shi ba. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta sa korar mutum saboda naƙasarsa cikin korar zalunci, ta kuma ce wa'adin sallamar mai naƙasa kada ya gaza wata ɗaya. A 2012 Gana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda ta ce ƙin yi wa mutum gyaran da ya dace, wanda bai zama nauyi mai wuce kima ba, shi kansa wariya ne.

Amma kada ka shiga ofishin manaja da lambobin doka a bakinka ranar farko. In an ce naƙasa, yawancin manajoji keken guragu da sandar makaho suke tunawa, kai kuwa ga ka tsaye da ƙafafunka kana magana sarai. Ka san dokar, ka ajiye ta a aljihu.

To in faɗa wa maigidana ko in yi shiru?

Babu dokar da ta tilasta maka. Magana kuma zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Shawarata ita ce ka fara da buƙatar, ka bar sunan. "Ina fi riƙe umarni in an rubuta mini" magana ce da kowa zai iya yi, ba wanda zai tambayi takardar likita. Sau da yawa a nan abin yake ƙarewa.

Sunan yana zama dole a wuri biyu: in abin da kake nema babba ne, kamar sauya lokacin zuwa ko sauya sashe, ko in an fara rubuta maka takardar tuhuma a kan abin da yanayinka ne ya jawo shi. Kariyar doka tana da wuyar kamawa in mai aikin zai iya rantsuwa bai sani ba. In ka yanke shawarar faɗa, ka faɗa wa mutum ɗaya, shugabanka ko jami'in ma'aikata, a rubuce, ka kuma ce sirri ne. Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta sa bayanin lafiyar mutum cikin waɗanda ba a yawo da su. Duk da haka ka auna bakin mutumin tukuna. Wanda ya ba ka labarin cikin wata kafin ita ta faɗa, naka ma zai bayar.

Wane irin gyara ake nema?

Wanda ya dace da abin da ke hana ka aiki, ba wanda ka gani a intanet ba. Ka yi mako biyu kana rubuta duk lokacin da rana ta ɓaci: ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan, su wa ke wurin. Za ka ga abu biyu ko uku ne suke ta dawowa.

Ni uku na nema. A turo mini umarni ta WhatsApp ko a takarda, tare da ranar da ake son aikin, domin "ka duba wannan in ka samu sarari" ni a kunnena ba gaggawa ke nan, ashe su yau suke nufi. A matsar da teburina daga bakin ƙofar da ake sauke kaya zuwa lungu. A bar ni in zo ƙarfe bakwai in tashi da wuri, don in riga cunkoso. Ko pesewa ɗaya ba su kashe ba.

Wasu abin toshe kunne suke nema a lokacin aikin da ke son natsuwa, ko a kashe doguwar fitilar nan mai ƙifta ido, ko a sanar da su kwana ɗaya kafin a sauya jadawali, ko mutum ɗaya ya riƙa ba su aiki maimakon huɗu kowa da tasa. Akwai mai son a ba shi abin da za a tattauna kafin taro, a kuma bar shi ya aiko da ra'ayinsa a rubuce bayan an tashi. Hutun rabin sa'a da doka ta tanada a tsakiyar aiki, ka yi shi kai kaɗai in haka ya fi maka, ba sai an zauna cin waakye tare kullum ba.

Yaya zan buɗe maganar ba tare da an ce na cika ƙorafi ba?

Ka nemi lokaci, kada ka tare shi a hanya ko gaban mutane. Ka fara da aikin, ka ƙare da aikin. Ga kusan abin da na ce wa nawa:

"Yallaɓai, na lura kurakuran da nake yi a littafi kusan duk a lokacin sauke kaya ne, saboda ƙarar ba ta bari in riƙe lamba a kaina. In ka yarda a mayar da teburina can lungu, mu gwada wata ɗaya. In lissafin bai gyaru ba, sai in dawo inda nake."

Kalmar "mu gwada" ita ta buɗe ƙofar. Babba ba ya son a ce an tilasta shi, gwaji kuwa ba ya rage masa girma. Da ya amince, da yamma na aika masa saƙon godiya na jera abin da muka yi magana a kai, da kwanan wata. A idonsa ladabi ne. A wurina shaida ce, don manajoji suna sauyawa, sabo kuma bai san alkawarin tsoho ba.

Ni ba a ofis nake ba. Yaron masta ne a Suame Magazine, unguwar makanikai.

Yawancin mutanenmu haka suke, a gareji, ko shagon ɗinki, ko rumfar kasuwa, inda babu jami'in ma'aikata, babu takardar ɗauka. A nan wasiƙa ba ta aiki, mutum ne ke aiki. Wanda ya kai ka wurin masta ranar farko, kawu ne ko baba ko liman, shi zai koma ya yi magana. Kada ya je da kalmar otizim in ya san za ta zama abin tsokana a gareji. Ya ce: "Masta, yaron nan in ka nuna masa da hannu sau ɗaya ya riƙe har abada, amma in aka yi masa tsawa kansa kullewa yake. A ba shi aiki ɗaya ya gama kafin a ba shi wani."

Masta mai hankali yana gane ribarsa. Yaron da zai zauna awa uku a kan wayoyin mota ɗaya bai ɗaga kai ba, ba kullum ake samun sa ba. Abin toshe kunne na masu walda da bugun ƙarfe ba baƙo ba ne a Magazine, ba wanda zai tambaye ka dalili. In kana da zaɓi, ka karkata ga sashen da ke son natsuwa, kamar wutar mota ko gyaran famfon mai, ka bar wa wasu cinikin farashi da kwastoma.

Ana cewa ba na gaisuwa, ba na zuwa jana'iza, ina da girman kai.

Wannan ita ce ta fi ciwo, kuma a nan nake saɓa wa wasu 'yan'uwana masu otizim da ke cewa a bar mu yadda muke. A Kumasi gaisuwa ba ado ba ce. Ba'ashante da Bahaushe sun haɗu a kan cewa wanda ya wuce bai gaishe ka ba ya zage ka. Ba na ganin hikimar yaƙi da wannan, musamman da yake gaisuwa ita ce mafi sauƙin mu'amala a wurinmu: tana da tsari, ba ta sauyawa. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida. *Maakye* da safe, *maaha* da rana. Ka haddace, ka zagaya sau ɗaya da safe, ka zauna. Minti uku ne suke saya maka shirun yini guda. Wani sauƙin da al'adarmu ta yi mana shi ne sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, don haka rashin kallon ido, wanda ke jawo wa irinmu matsala a Turai, a nan yabo yake jawowa.

Jana'izar Asabar da lasifikanta da ganguna, wannan kam ba na iya yini a ciki. Ina biyan kuɗin walfeya, wato asusun taimakon juna na ma'aikata, a kan lokaci, in je da wuri, in bi layin gaisuwa daga dama, in miƙa gudummawa, in tafi. An ga fuskata, ya wadatar. In ofishinku yana yin addu'ar safe da waƙa da tafi, kai Musulmi kana da uzuri tun asali.

Habaici ne har yau yake kayar da ni. Wani masani ɗan Ingila mai otizim, Damian Milton, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce: yadda muke kasa karanta su, haka suke kasa karanta mu. Na samu abokin aiki ɗaya da nake tambaya a ɓoye, "Da Madam ta ce na yi ƙoƙari, yabo ne ko faɗa?" Yakan yi dariya, ya fassara.

In abin ya ci ƙarfina a tsakiyar aiki fa?

Ka koyi alamunka na farko. Ni ƙara ce take fara yi mini kamar tana taɓa fata, sai kalmomi su fara ɓacewa. Da na ji haka nake tashi. Alwala ta cece ni sau da yawa: ruwan sanyi, wurin da ba kowa, kuma ba mai tambayar Musulmi me ya sa ya ɗauki buta. Carbi ma haka, hannu yana samun motsin da yake nema ba wanda ya ɗaga ido. Ka shirya da mutum ɗaya tun kafin ranar, ya san in ka ce "ina zuwa" minti goma kake so, kada a bi ka, kada a taɓa ka, kada a taru a kanka ana "lafiya? lafiya?".

A gida an ce aljanu ne, a kai ni ruƙiyya.

Ba aljanu ba ne, ba sammu ba, ba kuma laifin uwa ba. Gado yana da babban hannu a ciki, shi ya sa sau da yawa in an gano mutum sai a tuna da wani kawu mai irin halinsa. Addu'a ba ta ɓata komai, ki yi, a yi miki. Amma duk inda aka kawo bulala, ko sarƙa, ko hayaƙi a ɗaki a rufe, ko hana abinci, ki ƙi. Babu ƙwayar da ke warkar da otizim, duk mai sayar miki da ita kuɗinki yake so. Abin da ake yi wa magani shi ne abokan tafiyarsa, irin su fargaba, baƙin ciki mai tsanani, rashin barci ko farfaɗiya, waɗannan kuwa a kai su asibiti.

Na nema an ƙi, yanzu ma ana neman korata.

Ka tara takardunka yau, ba gobe ba: takardar ɗauka, takardun albashi, shaidar biyan kuɗin fansho na SSNIT, saƙonnin da ka nemi gyara, duk wata tuhuma da amsar da ka bayar, da rahoton likita. Ka ajiye kwafi a gida. Duk aikin da ya kai wata shida doka ta ce a rubuta yarjejeniyarsa. In aka miƙo maka takardar ajiye aiki aka ce ka sa hannu, ka ce za ka karanta a gida. Mu da muke ɗaukar maganar babba a matsayin umarni, a nan ake cin mu.

In akwai ƙungiyar ƙwadago a wurinku, fara da ita. Korar zalunci Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ake kai wa, tana iya umartar a mayar da mutum ko a biya shi diyya, kuma mai aikin ne zai nuna cewa dalilinsa da hanyar da ya bi daidai ne. Koken wariya ana kai shi CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam, ba a biyan kuɗi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Tallafin Shari'a. Tarayyar ƙungiyoyin masu naƙasa ta Gana, GFD, ita ma tana da mutane a yankin Ashanti da suka san ƙofofin nan. Abin yana ɗaukar lokaci, ka shiga da haƙuri da wani ɗan'uwa mai iya magana a gefenka.

Abokan aiki suna cewa gata ake yi mini.

Za su faɗa. Da aka bar ni ina tashi da wuri, wani dattijo da ya girme ni a sito ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata. Ban yi masa bayanin otizim ba. Na ce, "Baba, ƙarfe bakwai nake buɗe sito, in kana so mu riƙa zuwa tare sai mu tashi tare." Ya ce shi da jikoki uku da yake kaiwa makaranta a Asawase, ina shi ina ƙarfe bakwai. Bayan wata biyu shi ma ya je wurin manaja ya nemi a riƙa rubuta masa odar kaya a takarda, wai idonsa da kunnensa ba kamar da ba. An ba shi. Yanzu teburinsa yana lungu kusa da nawa, kuma ya fi ni tsanar rediyon direbobi.